Haƙorin da Ba na Dama Ba, Ba na Hagu Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban makarantarmu da mataimakansa, malamanmu waɗanda suka koyar da mu da waɗanda suka zo bayan fitarmu, 'yan uwana likitocin haƙori da masu haɗa haƙoran roba, ma'aikatan jinya, iyayenmu maza da iyayenmu mata, ɗaliban da suka cika kujerun baya suna tsammanin daga nan ba a ganin mai danna waya, mai ɗakin Malam da 'ya'yansa da jikokinsa, sannan shi kansa Malam, wanda dominsa muka bar ayyukanmu muka hallara: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron, da suka tsallake manyan da suka fi ni shekaru da ilimi suka miƙo mini abin magana. An ce in yi minti goma sha biyar. Zan yi iya ƙoƙarina, amma waɗanda suka san ni sun san ban taɓa gama magana a kan lokaci ba, don haka a yi mini afuwa tun yanzu.

Mun taru ne mu yi bankwana da mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a ɗaki ɗaya, wato ɗakin sassaƙa da ke ƙarshen baranda. Ga baƙinmu da ba su san shi ba, ɗaki ne mai dogayen tebura, a gaban kowane ɗalibi akwai guntun kaki kamar tsawon yatsa, da 'yar wuƙa, da ƙaramar fitila. A nan ɗalibi yake sassaƙa haƙoran ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, kafin a yarda ya taɓa bakin mai rai. Mu a bayan idonsa Baba Kaki muke ce masa. Malam, kada ka yi kamar yau ka fara ji.

Akwai kuma maganar da kowa ya sani a zauren nan amma ba wanda ya faɗa, ni kuwa ban iya kewaye-kewaye ba. Hukumar makaranta ta yanke cewa idan aka shiga sabon zango, nan da mako uku, ba a sami wanda zai gaji Malam ba, za a rufe ɗakin, ɗalibai su koma koyon siffar haƙori a fuskar kwamfuta. Ban ga laifin hukuma ba, domin an yi cigiya, ba wanda ya zo. Sau uku Malam yana takowa har asibitina yana roƙona in karɓi ɗakin. Zuwan farko na ce zan yi shawara. Zuwa na biyu na sa aka ce masa ina tsakiyar aiki, dattijon nan ya zauna a benci cikin marasa lafiya awa biyu cur, ya gaji ya tafi. Na uku zan ba ku labarinsa a gaba. Har zuwa wannan lokaci da nake tsaye a gabanku, ban ba shi amsa ba.

Kafin in kai can, ku ba ni dama in yabi wani ɗan ƙaramin abu, domin ban san yadda zan yabi Malam ba tare da na yabe shi ba. Ina roƙon kowa ya ɗora harshensa a kan fiƙarsa ta sama, wato haƙorin nan mai tsini. To, a matsa baya da haƙori ɗaya. Kada a ji kunya, na ga shugaban taro ma ya fara. Wannan da kuka taɓa shi ne ƙaramin turmi na farko. Yana zaune tsakanin fiƙa da manyan turame, kowa yana da shi a dama da hagu, kuma yawancinmu za mu gama rayuwa ba mu taɓa yi masa kallo biyu ba.

Abu na farko da ke ba ni sha'awa game da shi shi ne kansa. Yaro ba ya da irinsa cikin haƙoran nono. Sai ya kai shekara goma ko sha ɗaya sannan wannan haƙori ya turo, ya ture turmin nono, ya zauna zaman da ba zai sake tashi ba. Tsini biyu gare shi. Na wajen kunci dogo ne mai kaifi, ya ɗauko kamannin fiƙa, yana taya ta yaga. Na wajen ganɗa ya fi gajarta da kamar milimita ɗaya, yana taya turame niƙa. Tsakaninsu akwai ɗan kwari, inda haƙorin ƙasa yake shiga ya zauna daram duk lokacin da ka rufe baki. Haƙori ɗaya, aikin biyu, kuma bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba.

Abu na biyu shi ne saiwarsa. A yawancin mutane biyu ce, ɗaya ta nufi kunci, ɗaya ta nufi ganɗa, kowace da 'yar hanyarta a ciki wadda jijiya da jini suke bi. Sirara ne, ƙarshensu kamar bakin allura. Likitan da ya zo cire shi da gaggawa zai ji ƙas, ya fito da haƙori ya bar tsinin saiwa a cikin ƙashi, daga nan aikin minti goma ya koma na awa guda. Abokan aikina da ke murmushi a layin gaba sun san abin da nake nufi. Maƙwabcinsa na baya kuwa, ƙaramin turmi na biyu, shi galibi saiwa ɗaya gare shi, kuma tana kusa da kogon da ke gefen hanci, shi ya sa wani zai zo yana rantsuwa haƙori ke ciwo alhali mura ce ta kama shi.

Abu na uku, wanda shi ne ya kusa korata daga makarantar nan, ɗan kwarmi ne. A gefen haƙorin da ke fuskantar fiƙa akwai wata 'yar lotsawa, kamar an danna shi da yatsa tun yana ɗanye. Tana farawa daga wuyan haƙori ta bi saiwa. In haƙorin yana cikin baki ba ka ganinta, madubi ba ya nuna ta. Amma a gefe ɗaya kawai take, ɗaya gefen a cike yake sumul. Da ita ake gane na dama da na hagu, ko da an ba ka haƙorin a tafin hannu ba a gaya maka daga inda ya fito ba.

Jama'a, ni 'yar tela ce. A shagon mahaifina na tashi, ina tsince masa allura, ina riƙe masa bakin yadi. Abin da na fara koya a duniya shi ne a ninka yadi biyu a yanka sau ɗaya, domin dama da hagu su fito daidai. Hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a shagonmu abin kunya ne da ba a kwana da shi. Da wannan idon na shigo ɗakin Malam, ga kuma girman kai, domin a jarrabawar rubutu ba mai shan gabana.

Ranar jarrabawar sassaƙa ta farko aka ce mu fitar da ƙaramin turmi na farko, na sama, na dama. Na duba samfurin da ke kan tebur, na ga lotsawar nan, na ce a raina wannan samfurin ya tsufa, ya sha hannu har ya lotse. Sai na gyara wa Allah aikinsa, astagfirullah. Na cike kwarmin, na daidaita tsinin biyu, na goge kakin nan har yana ɗaukar ido. Wallahi da za a saka shi a zobe da an saya.

Waɗanda suka bi ta hannun Malam sun san yadda yake duba aiki. Ba ya kallo. Rufe ido yake yi, ya mirgina haƙorin tsakanin babban yatsa da manuni. Ya mirgina nawa sau biyu, ya buɗe ido ya ce, "'Yar tela, wannan na wane gefe ne?" Na ce na dama. Ya ce, "Ba na dama ba ne, ba kuma na hagu ba. Mai wannan haƙorin ba a haife shi ba tukuna." Ya rubuta mini faɗuwa, ya kira na gaba.

Na koma gida ina huci, na ce wa Innarmu mutumin nan ya tsane ni ne kawai. Ta ce in ci abinci tukuna. Bayan wata uku aka sake zaman jarrabawar. A wannan karon na san da kwarmin, na kuwa yi shi. Amma da na ɗaga haƙorin na duba, sai na ga ya karkace, raina ya ƙi kwanciya, hannuna ya ƙi ajiye wuƙa. Kun san abin da na yi? Na juya ɗaya gefen na yi masa irinsa, domin su yi daidai. Ku yi dariyarku, na yafe, shekara ashirin ke nan ana yi mini ita. Amma a lokacin ba abin dariya ba ne, domin dokar makaranta a sarari take: wanda ya faɗi sau uku ya kwashe kayansa.

Da Baba, mahaifina, ya ji, ya karɓi haƙorin kakin ya jujjuya, ya ce aiki ne mai tsabta, bai ga abin kayarwa a ciki ba. Washegari ya rufe shago, abin da ba ya yi sai rasuwa, ya saka rigarsa mai kyau, ya biyo ni makaranta domin ya ji dalilin da ake zaluntar 'yarsa. Ina bayansa ina jin daɗi, na ɗauko mai rama mini.

Malam ya tarbe shi da girmamawa, ya ba shi kujera, bai yi musu da shi ba ko kaɗan. Ya ɗauko haƙoran gaske guda biyu daga kwalba, wankakku, ya zuba masa a hannu, ya ce ya rufe ido ya shafa. Baba ya daɗe yana shafawa. Can ya tambaya ko kowa haka nasa yake, Malam ya ce kusan kowa. Sai Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "Ke, ninkin nan da na koya miki na 'yan koyo ne. Tun kafin a haife ki na daina yarda da shi. Ba mutumin da kafaɗunsa biyu suke daidai, kowa ɗaya ta fi sauka. Ni daidai jikin mai rigar nake yankawa." Ya miƙe ya ba Malam haƙuri, ya ce ga ta nan, a yi mata duk abin da ya dace. Na zo da mai rama mini, na koma da malamai biyu. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Daga ranar, kullum bayan an tashi darasin rana, Malam yakan ajiye mini kwalbar nan, ya rufa mini tsumma a hannu, ya ce in ware na dama da na hagu ba tare da na gani ba. Shi kuwa yana gefe yana fere kakinsa, bai cika magana ba. In na yi kuskure sai ya ture haƙorin ya dawo gabana da bakin wuƙa. Mako shida muka yi a haka, ba wanda ya sa shi, ba a cikin aikinsa yake ba. A hankali yatsuna suka fara gane abin da idona ya ƙi yarda da shi. Na gane tsinin ganɗa yana ɗan sunkuyawa gaba. Na gane wani siririn layi da ke tsallake gefen haƙorin ya gangara wajen kwarmin. Na gane ba karkata ba ce, tsari ne, kowane lungu da dalilinsa.

A zama na uku na sassaƙa haƙori mummuna a idon 'yar tela. Malam ya rufe ido ya mirgina. Ya ce, "Wannan yana da mai shi." Ya ba ni hamsin da ɗaya. Hamsin da ɗaya, Malam! Ko biyar ba ka ƙara ba. Amma duk takardun da ke rataye a bangon ofishina, ba wadda nake alfahari da ita kamar wannan makin.

Wani zai ce, to, me duk wannan ya amfana wa mara lafiya? Bari in ba ku misali ɗaya. Shekarun baya wata malamar makaranta ta zo mini kunci a kumbure, ta yi mako biyu ba ta iya tsayawa gaban aji. An taɓa yi mata wankin jijiya a wannan haƙorin, ciwo bai tafi ba, ta zo ne kawai in cire ta huta. Hoton da aka ɗauka ya nuna saiwa ɗaya, an cike ta tsaf. Hoto bai yi ƙarya ba, saiwa ta biyu ce ta ɓuya a bayan 'yar uwarta. Amma hannun da ya sassaƙa saiwa biyu sau ɗari bai yarda ba. Na nemi hanya ta biyu ta wajen ganɗa, na same ta cike da ruɓa. Ina aikin ina kaffa-kaffa da gefen kwarmin, domin a nan bangon haƙorin ya fi siriri, in ka zurfafa kaɗan ka huda shi, shi ke nan ka kashe haƙori. Matar nan har yau da haƙorinta take tauna. Ba ta san Malam ba, ba ta taɓa jin labarinsa ba, amma shi ya yi mata aiki.

Kada a ce ina gaba da kwamfuta. Ina da ita a asibitina, ina amfani da ita kullum, tana nuna mini abin da malamanmu ba su taɓa mafarkin gani ba. Amma ranar da za ka saka ƙarfe a bakin ɗan mutane, a wurin da ido ba ya kaiwa, ga yawu, ga jini, ga mutum yana rawar jiki don tsoro, ba fuskar kwamfuta ce za ta riƙe ƙarfen ba. Ɗalibai, ku da ke baya, da ku nake. Hannunku ne zai shiga, kuma hannu ba ya sanin abin da bai taɓa yi ba.

To, in haka ne, me ya sa na yi ta guje wa Malam? A zuwansa na uku na rasa hanyar gudu, na shigar da shi ofis. Na jero masa dalilai: marasa lafiya sun yi yawa, yara uku a gida, hanya da nisa. Yana saurare. Da dalilan suka ƙare sai gaskiyar ta fito. Na ce masa yana da ɗaliban da suka ci casa'in, ya je ya nemi ɗaya daga cikinsu. Ni da na faɗi sau biyu, wadda har yau ake ba da labarinta a ɗakin, da wane ido zan tsaya gaban yara in ce su yi koyi da ni? Kunya nake ji, jama'a, kunya da tsoro, ba wani abu ba.

Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun kaki da 'yar wuƙarsa. Ya fara ferewa. Sai na ga hannun yana rawa. Hannun da na sani yana fitar da haƙori cikin minti goma sha biyu yana hira, ya kasa daidaita layi ɗaya. Wuƙar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Ya ce, "Kin gani. Wanda ya ci casa'in bai san inda hannu yake ɓata ba. Ke kin sani." Ya yi mini sallama ya fita, ko shayin da aka kawo masa bai taɓa ba. Na rufe ƙofa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, kuma duk da haka na bar shi wata guda ba amsa. Malam, wannan ban kyauta ba, ina neman gafararka a gaban jama'ar nan.

Mai girma shugaban makaranta, ina roƙon a ɗauki abin da zan faɗa a matsayin takardar neman aiki, rubutacciyar za ta biyo baya gobe da safe. Kada a rufe ɗakin. Kwana uku a mako zan bar asibitina a hannun abokiyar aikina in zo in zauna da yaran nan. Ban kai Malam ba, ba kuma zan kai shi ba, amma duk ɗalibin da hannunsa ya ƙi jin magana zai tarar da wadda ta san ciwon. Maigidana yana layi na uku, yanzu yake jin wannan tare da ku. Abban yara, ka yi haƙuri, da na fara gaya maka da ka ce in yi, ni kuma da na sami wanda zan yi wa gardama in fasa.

Malam, na karɓa. Ka je ka huta.

Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya ba ka lafiya da nisan kwana, Ya sa abin da ka koyar ya zame maka haske ranar da ba wani haske sai nasa. Allah Ya albarkaci iyalinka da suka yi haƙurin raba ka da mu shekara talatin da huɗu. Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu. Ya ba ɗalibanmu hannu mai tausayi da zuciya mai karɓar gyara. Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku saka ni a addu'a, domin wallahi har yanzu tsoron nake ji.

Na gode da kuka saurare ni, na gode ƙwarai.